Layar Iro da Rumbun Caji

Kai, ajiye mini basillata. Ajiye, na ce, ba tsinken tsire ba ce. Ku da kuke zube gidajen waya na roba a kan tebur kuna latse-latse har magariba, kun ga ina huda fata ina zura zare, shi ke nan kun ɗauka ko akuya in ta samu yatsu za ta iya dukanci. Jiya da kunnena na ji ɗayanku yana cewa wai tagar da nake bari a jikin gidan fawa banki gaye ne, wai tsoho ya shigo zamani. Gaye! To ku matso, tunda dai ba ciniki kuke yi ba, in gaya muku inda tagar nan ta samo asali. Ni kaina har yau ban gama gane abin ba, amma zan faɗa muku yadda aka yi.

Aikin farko da aka taɓa danƙa mini layar jariri ce, a rumfar maigidana Baba Na-Allah, can tsohuwar unguwa wajen Peuloghin. Kafin ranar na daɗe ban taɓa basilla ba. Aikina kankare fata, murza zare da kakin zuma, jiƙa karan dafi don jan launi, wasa wuƙa a dutse har sai ta aske gashin hannu. Ranar wata mata ta kawo takarda a naɗe, an ɗaure ta da farin zare. Na ɗan ɗaga gefenta in ga abin da malam ya rubuta. Ban san lokacin da ƙotar wuƙa ta sauka a bayan hannuna ba. Baba ya ce, “Abin da aka kawo maka a naɗe, a naɗe za ka rufe shi. Ba ka karantawa, ba ka tambaya. Kuma abin da ka ɗinke, ba ka farkewa, ko uwarka ce ta roƙe ka.” Dokoki biyu ke nan, kuma da su na ci abinci har gemuna ya yi fari.

Shekarar rusau ce ta kusa fitar da ni daga sana'a. An tashi unguwa, mutanena suka watse, wasu Tampouy, wasu Larlé, wasu can bayan gari inda ko hanya babu. Baba Na-Allah bai daɗe ba ya rasu. Ga kayan roba sun cika kasuwa, ga samari masu wa'azi sun sa laya a gaba. Sai in wuni ban huda komai ba. Har sirdin babur na koma ɗinkawa, ni da nake yi wa malamai gafakar Alƙur'ani. A lokacin ne Iro direba ya tsaya mini. Mutumin Maradi ne, ya girme ni, yana jan babbar mota tsakanin Lome da Yamai. Duk zuwa sai ya jefo mini fatar jar akuya ta garinsu, ya ce, “Baduku, yi wa wayata riga.” Ya rataya ta a ɗamara, ya bi tasha yana nuna wa direbobi. Daga rigar wayar Iro na farfaɗo. Waya ta yi ta girma ina binta da fata, har aka zo kan wannan bulo da kuke kira fawa banki. Ni rumbun caji nake ce masa.

Aikin da zan ba ku labari, matar Iro ce ta kawo shi, Hajo. Ciwon suga ya riga ya cinye mata ido, sai an ja mata hannu. Iro kuma ya ajiye tuƙi, ciwon zuciya ya sa shi gaba, likita ya ce aikin ba na nan ba ne, sai Tunis. Direbobi suka haɗa hannu, aka yanka masa biye, wato tikitin jirgi. Hajo abu ɗaya take so a duniya: kafin a sa masa maganin barci, ta ji muryarsa. Tun suna da ƙuruciya haka suke, duk inda ya yada zango sai ya nemi hanyar da zai yi mata magana. Tsoronta kada wayarsa ta mutu a ƙasar da bai san kowa ba.

Sai ta sa maƙwabciya ta kai ta shagon Bala, wani ɗan Kano mai kayan waya, ta ce ya ba ta wanda ya fi kowanne girma, na tafiya ne. Bala ya ji tafiya, ya ɗauka mota, don kaf unguwarmu ta Zongo ba wanda ya taɓa kawo Iro a cikin abin da ba shi yake tuƙawa ba. Ya sauko mata da wani ƙato, nauyinsa kamar ɗan dutsen niƙa. Daga can ta zarce wurina, ta ajiye shi a kan katakon aikina, ta kwance bakin zane ta fito da tsohuwar layar Iro, fatarta duk ta ci.

Ta ce, “Malam Ɗanjuma, haɗa su za ka yi. Fata ɗaya, igiya ɗaya.”

Na ce, “Yaya Hajo, laya da batir? Wannan ban taɓa ji ba.”

Ta ce, “Kai ba ka san mutumin naka ba? In zai kewaya sai ya cire ta ya rataya a ƙusa, saboda ayoyin da ke ciki. Ya fito ya yi gaba abinsa. Tun muna amarci nake bin sa da ita har bakin mota. Can wa zai bi shi? Amma in tana jikin wannan, ko ya manta, waya za ta mutu ta tuna masa.”

Wallahi na jinjina mata. Na zaɓi fata mafi laushi, na yi wa layar sabon rufi na ƙyalle ba tare da na taɓa zaren malam ba, na manna ta da gam a fuska ɗaya ta rumbun, na naɗe su, na ɗinke da ɗinki biyu, na bar ƙananan ramuka inda ake cusa igiyar caji. Akwai rubutu a jikin abin? Akwai. Na karanta? A'a. Ido ya ga baƙaƙe, hannu ya rufe, kamar yadda ya saba yi tun yana yaro. Aiki ya yi kyau, har wani ya tsaya ya tambayi ko na sarauta ne.

Ana gobe tafiya Iro ya rato shi zuwa masallaci, yana tafe yana karkacewa don nauyi. A ƙofar masallaci kaina ya fara ɗaurewa. Wani ya ce a jefa shi cikin baliz, akwatin kayan tafiya, a can ƙasan jirgi ba mai gani. Wani ya ce ina, haramun ne, dole a riƙe a hannu. Wani da ya je Umara ya rantse iyakarsu dubu ashirin. Na kusa da shi ya ce ƙarya ne, dubu ashirin da bakwai ne. Sai wani mushen lakkwal, malamin makarantar boko, ya ce duk ba haka ba, su ba dubbai suke ƙirgawa ba, wani abu ne wai shi wat, kuma ɗari ne iyaka. Na ce, “Mushe, tsaya. Ɗari ko dubu ashirin da bakwai?” Ya ce ai duk ɗaya ne. To fa! Ku da kuka yi boko, ku gaya mini a wace kasuwa ɗari take zama dubu ashirin da bakwai. Aka juyo ana tambayar na Iro nawa ne. Iro bai sani ba. Ni ban sani ba. Hajo iyakar saninta shi ne ya fi kowanne girma. Aka aika shagon Bala, aka tarar ya tafi Kano saro kaya. Iro ya shafa fatar ya yi dariya, ya ce, “Abin da ba su gani ba, ta yaya za su ƙirga? Baduku ya riga ya gama da su.”

Washegari bayan azahar wayata ta yi ƙara. Iro ne, murya sama. “Baduku, taho filin jirgi da kayan aikinka. Sun ce sai an yanka.” Na zuba basilla da wuƙa da zare a zabira, na hau babur. Rana ce irin ta kafin damina, kwalta har tashi take yi.

Na same shi a waje, inda masu rakiya suke tsayawa, ya rungume abin a ƙirji, gumi ya jiƙa masa sabuwar riga. Kusa da shi wata ma'aikaciya ce cikin kayan aiki, ba za ta wuce sa'ar 'yata ba. Ta gaishe ni da Mosanci, yaren mutanen garin nan, cikin ladabi, ta ce, “Yaba,” wato kaka, “injinmu ya nuna batir ne a ciki. Ba na hana shi don mugunta. In ban ga rubutun jikinsa ba, ko ƙarami ne ba zai shiga ba.” Iro ya ce ba mai buɗe masa laya. Ta ce to ya bar su duka. Ya ce ba zai bari ba. Ta duba agogo, ta ce in an rufe ƙofa ba ta da ikon buɗewa, asibiti kuma an riga an tsayar masa da rana.

Nan na tsuguna ina lissafi. Farkewa ce aka hana ni, ba a ce kada in yanka taga ba. Laya tana fuska ɗaya. In na buɗe 'yar taga a ɗaya fuskar, madam ta ga lambarta, Baba Na-Allah kuma ya kwanta lafiya a kabarinsa. Na ɗora abin a sirdin babur, na sa bakin wuƙa a hankali don kada in soki batir, na ɗebe fata kamar faɗin yatsu biyu. Muka leƙa mu uku. Baƙar roba, sumul, ko ɗigo babu. Na ƙara faɗin tagar. Babu. Sai a nan na tuna abin da hannuna ya yi ban sani ba: a kan fuskar mai rubutun na manna layar. Haka muke yi ai, rubutu yana kallon ciki.

Iro ya dube ni, na dube shi. Leɓensa ya yi fari, yana numfashi da baki. Na ji tsoro ƙwarai, na ce a raina mutumin nan zai faɗi a nan kafin ya ga Tunis. Ban nemi izininsa ba. Na sa basilla na fara tsinke ɗinkina ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa yi ba sai ranar. Na ɓamɓare layar da ƙyallenta, ban buɗe ta ba, na miƙa masa. Ga lamba ta fito ɓaro-ɓaro: dubu hamsin. A ƙasa da ƙananan baƙaƙe, ɗari da tamanin da biyar.

Madam ta girgiza kai. Ta ce har zuwa ɗari ana wucewa da shi a hannu. Daga ɗari zuwa ɗari da sittin sai kamfanin jirgi ya yarda tun kafin ranar. Wannan ya haye duka, ko shugaban filin ne ba zai shigar da shi ba. Na ce to a sa a baliz. Ta ce can ya fi muni, in ya kama wuta a ƙasan jirgi ba mai gani balle ya kashe. Iro ya ce, “'Yata, cike yake, shi ya sa. Bari in raba wa mutanen nan caji, kowa ya kawo wayarsa, mu rage shi ya dawo ɗari.” Har ya fara kiran masu rakiya. Ta danne dariya, ta ce, “Yaba, ba ruwan da ke ciki muke aunawa ba, tulun muke aunawa.” Na ce, “To tulun da ba ruwa, me zai jiƙa?” Ta ce wannan ko babu caji yana iya kamawa. Ni dai a nan na sallama. Abu babu wuta a cikinsa, kuma yana kama wuta.

Ban taɓa ɗinki da sauri irin na ranar ba. Na yanki fatar da na farke, na yi wa layar gida ita kaɗai, na zura tsohuwar igiyar, na rataya masa a wuya da hannuna. Na ce, “Iro, ka ga wannan? Ko wanka za ka yi, ka ɗaura ta a hannun ƙofa inda za ta bugi goshinka.” Ya ce, “Haba Baduku, kai ma ka zama Hajo?” Ya ce bari ya kewaya kafin ya shiga, don ya ji an ce na jirgi ko juyawa ba a yi. Na duƙa ina tattara kayan aiki, ina neman basillata da ta faɗa ƙarƙashin babur. Sai ga madam da gudu, za a rufe. Iro ya fito yana ɗaure tazuge, ya fizgi jakarsa, ya ɗaga mini hannu, ya shige.

Na tsaya, don Hajo ta ce kada in dawo sai na ga tashinsu da idona. Na yi la'asar a gefe da rumbun a gabana. Jirgi ya taso da ƙara ya bi ta kan gari, na yi masa addu'a har ya ɓace. Na dawo wurin babur, na sa makulli, na ɗaga kai in gyara madubi. Ga layar Iro tana lilo a jikinsa.

Innalillahi. Na daɗe a zaune a kan babur ɗin ban tayar ba. Mutum ya fito da kariya biyu, ya tafi ba ko ɗaya, kuma duka biyun suna hannuna. Na bi abin daga farko ina neman inda aka kuskure. Hajo ta yi dabara mai kyau. Bala ya ba da abin da aka tambaya. Madam ta bi dokarta, ni na bi tawa, har na karya ta don Iro. To ina aka ɓata?

Na tarar da Hajo a tabarma a ƙofar ɗaki, wayarta a cinya. Na yi sallama, na ajiye mata rumbun tsirara a hannu. Ta shafa shi, ta ce, “Sun hana.” Na ce sun hana, ya yi girma. Ta ce, “To ita fa?” Sai kawai na ɗora mata layar a ɗaya hannun. Ta bi ɗinkin da yatsa, ta gane sabo ne. Na jira faɗa. Ba ta yi ba. Ta ce, “A ina ya rataye ta?” Na ce a madubin babur. Ta ce, “Da ina da ido da na gani. Yau ce kawai ban bi shi ba.” Sai hawaye. Ni ma na kasa riƙe nawa, na juya ina gyara zabira.

Ashe can asibitin kowane gado da wurin cajinsa, kuma wuta ba ta ɗaukewa. Iro da kansa ya faɗa mata da ya sauka. A nan Zongo ne aka shiga ɗauke wuta irin ta lokacin zafi, ga wani abu ya ƙone a layinmu, unguwa ta kwana ta wuni ba kuran, wato wutar lantarki. Wayoyin mutane suka mutu ɗaya bayan ɗaya, masu janareto suka cika da layi. Hajo ta cusa wayarta a jikin ƙaton nan ta zauna. Da yake ba ta ganin 'yan fitilun da ke nuna saura, kullum in na tashi daga rumfa sai in biya in duba mata. Ina can wata rana da hantsi, na je da wuri saboda ta ce ranar aikin ce, sai waya ta yi ƙara. Na koma bakin ƙofa don in ba su wuri, amma ina jin nata ɓangaren.

“Eh, tana hannuna. Ai na sani. Ka taɓa fita da ita ban bi ka ba? Kada ka ce mini Baduku, Baduku ne ya kewaya?” Ta saurara, sai ta yi dariya. “To. Na yafe. Kai ma ka yafe mini. Allah ya tashe ka lafiya, Malam.”

Bai tashi ba. A can aka yi masa sutura.

Tun daga lokacin duk rumbun da aka kawo mini sai na juya shi na nemi rubutu, in kira ɗayanku ya karanta mini, in tambayi mai shi mota ko jirgi. In jirgi ne kuma ya haye dubu ashirin da bakwai, in ce ya koma ya canza, ko da yake har gobe ban san yadda hakan ya zama ɗari ba. Sannan in yanka taga daidai kan lambar, in yi mata dajiya don kada ta yage. Ban sani ba ko Baba Na-Allah zai ce na ci amanar sana'a. Laya dai har yau ba na leƙawa.

Da Hajo ta fita takaba, aka jawo ta rumfar nan, nan inda kake zaune, ta ajiye su biyun a kan katako, ta ce in mayar da su yadda suke. Na zaɓi fata, na manna layar a fuskar da ba rubutu wannan karon, na ɗinke, na yanka taga mai kyau, na miƙa mata. Ta bi shi da yatsu har ta faɗa ramin. Ta ce, “Malam Ɗanjuma, wannan fa?”

Na ce, “Taga ce, Yaya Hajo. Don a ga lamba.”

Ta ce, “Wa zai gani? Ni, ko shi?”

Na karɓa na yanko fata na rufe. In kun ga wata tsohuwa ana ja mata hannu zuwa masallacin Juma'a da wani jan abu mai nauyi a wuya, da faci a bayansa, aikina ne. Miƙo mini basillar nan, rana tana yi.